Allurar Ruwa Don Sauƙaƙa Ciwon Baya Lokacin Naƙuda

Jawabin da wata tsohuwar ɗalibar wannan makaranta, wadda ta daɗe tana aikin ungozoma a asibiti, ta gabatar a wajen taron ƙungiya na shekara-shekara.

 



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi lafiyar iyali, ya kuma bar mini zaɓi. Na zaɓi in yi magana a kan naƙuda. Na sani mafi yawan waɗanda ke zaune a wannan zaure maza ne, kuma a al'adarmu ba a cika yin wannan zance a gaban maza ba, balle a gaban iyaye da malamai. To, a yi mini afuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma in an duba, ranar da mace take kan gwiwa, namiji ne ke ba da izinin a fita da ita, shi ke fid da kuɗi, shi ke neman mota. Saboda haka maganar ta shafe ku kamar yadda ta shafe mu.

Abin da nake so in gabatar muku wata allura ce da ake yi wa mai naƙuda a baya, wadda babu magani a cikinta ko ɗigo. Ruwa ne zalla, irin tsarkakakken ruwan nan na cikin 'yar kwalba da ma'aikatan asibiti ke narka garin allura da shi. Na ga wasu sun fara murmushi. Ku ba ni ɗan lokaci.

Bari in fara da ciwon kansa. Mafi yawan mata a mara suke jin naƙuda. Ciwo ya taso, ciki ya ɗaure kamar na minti guda, sa'an nan ya saki, mace ta samu ta numfasa, ta kurɓi ruwa, kafin wani ya taso. Wannan ɗan hutu da ke tsakani rahama ce babba. Amma akwai matan da nasu ciwon a ƙugu yake zama, can ƙasan gadon baya, daidai inda ake ɗaura zane, kuma shi ba ya saki. Mara ta saki, baya bai saki ba. Mara ta sake ɗaurewa, sai ciwo ya hau kan ciwo. Za ka ji mace tana cewa bayanta zai ɓalle, ko ta ce kamar ana sara mata ƙugu da gatari. Ba ta iya kwanciya, ba ta iya zama, kuma kafin a zo lokacin yunƙuri ƙarfinta ya ƙare. A shekarar 1987 wani masanin ciwo mai suna Ronald Melzack, da abokin aikinsa, sun bincika wannan al'amari a ƙasar Kanada, suka tarar kusan mace ɗaya cikin uku tana fama da irin wannan ciwon baya marar yankewa a lokacin naƙuda. Ke nan ba ƙaramin adadi ba ne. Duk gidan da ke da mata uku da suka haihu, da wuya a rasa wadda ta san abin da nake faɗi.

Me ke kawo shi? Wani lokaci kwanciyar yaro ce. Yadda aka fi so shi ne yaro ya sauko da ka, fuskarsa tana duban bayan uwa. In ya juyo yana duban cikinta, sai ƙeyarsa, wadda ita ce mafi tauri, ta riƙa gugar ƙashin ƙugunta. Wani lokaci kuma yaro yana kwance daidai, amma ciwon yana nan, sabili da jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga mahaifa da bakin mahaifa suna shiga laka ne a wuri ɗaya da jijiyoyin fatar ƙugu. Sai ƙwaƙwalwa ta kasa bambance inda saƙon ya fito, ta ce baya ne ke ciwo. Ku riƙe wannan magana ta haɗuwar jijiyoyi, domin a kanta aka gina allurar da nake zance.

Mu nan ƙasar Ruma da ƙasar Yarima, kamar sauran ƙasar Hausa, abin da muka tanadar wa wannan ciwo shi ne dauriya. Tun yarinya tana goyon ciki a gidan iyayenta ake ja mata kunne cewa kada ta yi raki, kada a ji muryarta, in ba haka ba ta zama abin gori a wurin kishiyoyi da dangin miji har tsufanta. Ni ba na raina dauriya, kuma na ga matan ƙauye da suka haihu ba su ce uffan ba, abin da ya sa na ƙara girmama iyayenmu mata. Amma wannan shiru yana da tsada. Yarinyar da aka hana ta ce wayyo, an kuma hana ta ce naƙudar nan ta wuce misali. Sai ta kwana ta wuni a ƙuryar ɗaki tana cije leɓe, mutanen gida suna yaba mata, alhali kuwa yaro ya maƙale.

A asibiti kuma me muke da shi? Na farko akwai abin da hannu ke yi: a danna mata ƙugu da tafin hannu lokacin da ciwo ya taso, a gasa mata wurin da tsumma mai ɗumi, a bar ta ta zagaya ko ta durƙusa maimakon a tilasta mata kwanciya rigingine, a kuma bar uwarta ko 'yar'uwarta ta zauna kusa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da waɗannan duka a ƙa'idojin kula da mai naƙuda da ta fitar a 2018. Suna taimakawa, amma ga mai ciwon ƙugu na sosai ba sa isa. Na biyu akwai allurai masu ƙarfi irin su fentazosin da fetidin. Waɗannan suna rage ciwo, sai dai suna sa jiri da amai da barci, kuma suna ratsawa ta mabiyiya su kai ga yaro. In aka yi su dab da haihuwa, yaro na iya fitowa a kasale, numfashinsa ba ƙarfi, a koma haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Ga shi kuma magunguna ne da hukuma ke sa wa ido saboda masu shaye-shaye. Na uku akwai allurar da ake kira efidural, wadda ake zura siririn bututu kusa da laka a kashe ciwon daga cibiya zuwa ƙasa. Babu abin da ya kai ta aiki. Amma tana bukatar likita ƙwararre a fannin sa barci, da na'urori, da mai tsayawa yana auna hawan jini a kai a kai. Wannan sai manyan asibitoci. Matar da ke naƙuda da tsakar dare a Wagini ko Runka ba da ita ake wannan zance ba.

To, a tsakanin tafin hannu da efidural akwai fili babba, kuma a nan allurar ruwa ta shigo.

Ga yadda ake yin ta. In mace ta sunkuya, a ƙasan bayanta akwai 'yan loɓawa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne kusurwoyi biyu na wani fili mai kusurwa huɗu da likitoci ke kira da sunan Michaelis, wani likitan haihuwa na ƙasar Jamus da ya rasu a 1848. Ungozoma za ta zaunar da matar ta ɗan sunkuya gaba, ko ta kwantar da ita a gefe, ta goge fatar, ta sa alama a wuri huɗu: biyu a kan loɓawar nan, biyu kuma a ɗan ƙasa da su, kamar faɗin yatsa biyu, sun ɗan matso ciki. A kowane wuri za ta sa ruwa mililita 0.1 a cikin fatar kanta, ba a cikin tsoka ba, har wurin ya ɗan tashi fari kamar cizon sauro. Wasu kuma suna sa mililita 0.5 a ƙarƙashin fata. In aka bi hanya ta farko, duka ruwan da ya shiga jikin matar mililita 0.4 ne. Ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita 5. Ku yi lissafi da kanku, tun da ga malaman lissafinmu nan zaune, kada su ce sun yi wahalar banza: ruwan cokali ɗaya ya ishi mata goma sha biyu. Na faɗi haka ne don ku ga ƙanƙantar abin, amma a aikace kowace mace da tata kwalbar, da nata sabon sirinji.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wannan hannu muna da shi. Duk ma'aikacin lafiyar da ke yi wa jarirai allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, wadda ke barin lamba a dantse, ya iya sa allura a cikin fata har ta tashi. Haka aka koya masa a Kankiya ko a Daura, haka yake yi kowane mako a ranar rigakafi. Ruwan kuwa yana nan a kowane ɗakin shan magani, sabili da da shi ake narka garin allurai irin su fenisilin. Ba ya bukatar firji, ba ya bukatar wutar lantarki.

Yanzu sai in faɗi ɓangaren da ba daɗi. Allurar nan tana da zafi ƙwarai. Matan da aka yi wa sukan kwatanta ta da harbin rina. Zafin yakan ɗauki kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, sa'an nan ya wuce. Shi ya sa ake so ma'aikata biyu su yi ta tare, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a daidai lokacin da mara ta ɗaure, don a gama da sauri. Shi ya sa kuma ba a yin ta sai an gaya wa matar gaskiya tun farko, ta kuma ce ta yarda. Wanda ya ce mata ɗan tsira ne kawai, ya cuce ta, kuma ba za ta sake yarda da maganarsa ba. Bayan an yi, ba a murza wurin. A cikin 'yan mintoci, kamar goma, ciwon ƙugun yakan lafa, kuma sauƙin yakan kai awa ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ma fiye. In ciwon ya dawo ana iya maimaitawa.

Na taɓa tsayawa a kan wata yarinya mai haihuwar fari da aka yi wa ita. Lokacin da ruwan ke shiga ta yi ƙara har uwarta da ke bakin ƙofa ta yunƙura za ta shigo. Kafin a gama rubuta abin da aka yi a katinta, sai ta ɗago kai ta ce a ba ta kunu. Marar tana nan tana ɗaurewa yadda take yi, amma yanzu tana samun hutun da ke tsakani, kuma da ƙarfinta ta kai lokacin yunƙuri.

Yaya ruwa zai kashe ciwo? Ruwan da ke jikin ɗan Adam yana da ɗan gishiri-gishiri. In aka sa ruwa zalla marar gishiri a cikin fata, sai ya fusata ƙananan jijiyoyin wurin, su aika saƙo mai ƙarfi zuwa laka. A 1965 Melzack ɗin nan da na ambata, tare da wani Bature ɗan Ingila mai suna Patrick Wall, sun yi bayanin cewa a cikin laka akwai wani abu mai kama da ƙofa, wanda saƙon ciwo ke bi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma saƙon da ya fito daga fata yana iya tura wannan ƙofa ta rufe. Kowa a nan ya san haka ba tare da ya karanta ba. In ka buge ƙwauri da turmi cikin duhu, kafin ka yi tunani hannunka ya kai wurin yana murzawa. Bayan wannan kuma, an gano cewa ciwo mai tsanani na ɗan lokaci yakan sa ƙwaƙwalwa ta saki nata sinadaran kashe ciwo, su danne wani ciwon da ke wani wuri. Tun da fatar ƙugu da mahaifa hanyarsu ɗaya a laka, sai a taɓa fatar don a kwantar da abin da ke ciki. Wanzamanmu ma da ke yin ƙaho a baya suna taɓa gefen wannan ilimi, sai dai su da aska da zub da jini suke yi, abin da ba shi da wuri a jikin mai ciki.

Wani zai ce, to ko dai kwantar da hankali ne kawai, mace ta ga an yi mata allura sai ta ji sauƙi? Tambaya ce mai kyau, kuma an daɗe ana gardama a kanta. Ungozomomi da likitocin ƙasashen Suwidin da Denmak su ne suka fi riƙo da wannan hanya, kuma a 1990 da 1991 an buga sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen biyu, inda aka yi wa wasu mata ruwa zalla, wasu kuma ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, wanda ba ya fusata fata. Masu ruwa zalla sun fi samun sauƙi. Duk da haka, a 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta duba gwaje-gwaje bakwai, ta ce ƙanana ne, hujjarsu ba ta yi ƙarfin da za a dogara da ita ba. Ita ma hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, a 2007 da 2014 cewa ta yi kada a yi.

Abin da ya sauya lissafi shi ne wani babban gwaji mai suna ICARIS, da aka yi a asibitocin ƙasar Ostireliya da ɗaya a Ingila, a kan mata fiye da 1,100, aka buga sakamakonsa a 2020. Bayan rabin awa da yin allurar, kusan mata 43 cikin 100 na masu ruwa zalla sun ce ciwonsu ya ragu da rabi ko fiye, a masu ruwan gishiri kuwa kusan 18 cikin 100 ne. Waɗanda ciwonsu ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku sun kai kusan 61 cikin 100, a ɗaya ɓangaren kuma kusan 31. Ba a ga wata illa ga uwa ko ɗa ba, ban da zafin nan na lokacin yi. A 2023 sai hukumar NICE ta sauya matsayinta, ta ce ana iya ba mai naƙuda da ke fama da ciwon baya wannan zaɓi.

Ku lura da abu biyu a cikin waɗannan alƙaluma. Na ɗaya, ba kowa take yi wa aiki ba. In an yi wa mata goma, wajen huɗu ba za su ji wani sauƙi na a-zo-a-gani ba, sun dai sha harbin rina a banza. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, an shirya gwajin ICARIS ne da fatan a tabbatar cewa allurar tana rage yawan matan da ake yi wa tiyata, domin wani nazari na 2009 ya nuna kamar haka ne. Sakamako ya fito ya nuna ba ta ragewa. Wato allurar ruwa ba ta buɗe bakin mahaifa, ba ta juya yaro, ba ta faɗaɗa ƙugun da ya yi wa kai kaɗan, ba ta ma taɓa ciwon mara. Ciwon baya kaɗai take ragewa, na ɗan lokaci.

A can Ingila, da aka sanar da sauyin, wasu likitoci da wasu mata sun yi suka, suna cewa ana so a sallami mata da ruwa maimakon a ba su magani na sosai. A ganina suna da hujja a inda efidural take a hannu. Idan ana da ita, ba daidai ba ne a hana mace don a yi tsimin kuɗi. Amma mu nan ba tsakanin ruwa da efidural muke zaɓi ba. Tsakanin ruwa ne da "yi haƙuri, kowa haka ta haihu".

Yanzu na zo inda nake roƙon kowa ya buɗe kunne, domin ina tsoron a fita daga wannan zaure da rabin magana. Kada wani ya koma gida ya ce wata malamar asibiti ta ce a yi wa mai naƙuda allurar ruwa, ya je kemis ya sayo sirinji. Ruwan randa, ko na leda, ko wanda aka tafasa a tukunya, ba shi ne ruwan allura ba, kuma in ya shiga fata ƙurji da ruɓa zai kawo. Ruwan allurar ma na gaskiya, in aka zuba shi zalla da yawa a jijiyar jini, yana farfasa ƙwayoyin jini. Sirinjin da aka yi wa wani amfani da shi kuwa, kun san hanyar ciwon hanta ce da ƙanjamau. Ba a kuma yin ta a fatar da ke da ƙuraje ko gyambo.

Kada kuma a haɗa ta da abin da ake kira allurar naƙuda ko ruwan naƙuda. Wannan oksitosin ce, magani mai ƙarfi da ke matsa mahaifa. A hannun wanda ya san aiki tana ceton rai, musamman wajen tsai da jini bayan haihuwa. A hannun ɗan kemis ko wani mai yawo da jaka, wanda ake kira cikin dare ya yi wa mace ita a ɗaki don naƙuda ta yi sauri, tana iya fasa mahaifa, a rasa uwa a rasa ɗa. Na karɓi irin waɗannan mata, an kawo su a bayan mota ciki ya cika da jini. Duk wanda ya ga haka sau ɗaya ba ya mantawa.

Sa'an nan ciwo ɗan saƙo ne. Kafin ungozoma ta kashe shi, wajibi ne ta san abin da ya zo faɗi. Sai ta auna hawan jini, ta saurari bugun zuciyar yaro, ta duba kwanciyarsa da buɗewar bakin mahaifa, ta rubuta a takardar bin naƙuda, ta ci gaba da dubawa bayan an yi allurar. Ciwon baya da ya zo da ciki mai tauri kamar dutse da zubar jini, alama ce mabiyiya ta rabu kafin lokaci. Wannan mota yake bukata, ba allurar ruwa ba. Haka in mace ta yi jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko hannu ko cibiya ta riga fitowa, ko faya ta fashe tun jiya ga zazzaɓi, ko naƙuda ta wuce awa 12 ba ci gaba. In aka kwantar wa irin wannan mace da ciwo aka bar ta a ɗaki, an ƙara mata awowin da za su halaka ta.

Mu mutanen Batsari ba ma bukatar a ba mu labarin abin da doguwar naƙuda ke yi. Duk wanda ya bi hanyar Batsari zai shiga Katsina ya san Babbar Ruga. A can ne likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin yoyon fitsari tun cikin shekarun 1980, ya yi wa dubban mata aiki, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan lalura. Mafi yawan matan da ke kwance a can, kan yaro ne ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Da yawansu yara ne masu haihuwar fari, waɗanda aka yaba wa dauriya.

To me ya sa, duk da wannan gargaɗi, na ɗauko zancen allurar ruwa na kawo muku? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Nijeriya haihuwa 39 cikin 100 ce ake yi a asibiti, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Shi wannan bincike ya ƙiyasta mata 512 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000. Dalilan zama gida suna da yawa: nisa, kuɗin mota, rashin izini, rashin ma'aikaciya mace, ga kuma shekarun da 'yan bindigar dajin Rugu suka addabi ƙauyukanmu, musamman daga 2019, lokacin da fita da dare daga Ruma ko Zakka ko Babban Duhu ta zama sayar da rai, wasu ƙananan asibitocin ma ma'aikatansu suka watse. Waɗannan ba abin da allura za ta yi musu. Amma akwai wani dalili da na sha ji daga bakin mata a wurin awo. Sukan ce, "Malama, in na zo me za ku yi mini? Kwantar da ni za ku yi a gadon ƙarfe, ku hana uwata shiga, ku yi mini tsawa. Ciwon kuma ni zan sha abina. Gara in sha a ɗakina." Maganarsu da ƙamshin gaskiya, kuma mu ma'aikata ya kamata mu ji ta.

In mace ta ji daga bakin maƙwabciyarta cewa a asibitin garinsu an zaunar da ita, an yi mata magana mai daɗi, an yi mata wani abu da ya sauke mata ciwon ƙugu har ta sha kunu, to wannan labari zai zaga gidajen suna da na biki fiye da duk wata sanarwar rediyo. In ta zo don ciwon baya, ungozoma ta samu damar auna jininta, ta ga jijjiga tun kafin ta faɗo, ta gane naƙudar da ta tsaya tun da sauran rana, ta tura ta Babban Asibitin Batsari, ko Dutsin-Ma ga mutanen Safana, ko Katsina, asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. A wurina wannan shi ne babban amfanin 'yar kwalbar nan.

A ɗakunan haihuwar da na yi aiki, allurar ruwa ba ta cikin abin da aka saba yi, kuma ma'aikaci ba ya ƙirƙiro sabon aiki a jikin mutane don ya ji a wurin taro. Sai hukuma ta duba ta amince, an rubuta ƙa'ida, an horar da mutane. Nan ne ƙungiyarmu za ta yi rana. A cikinmu akwai likitoci, akwai manyan ma'aikata a sakatariyar jiha, akwai kansiloli da waɗanda suka riƙe ƙananan hukumomi. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su kafa ɗan ƙaramin kwamiti na 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya, ya rubuta wa Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Katsina, a nemi likitocin haihuwa na jiha su duba wannan hanya. In sun amince, mu ɗauki nauyin horon kwana ɗaya ko biyu ga ungozomomin Batsari da Safana. Abin da za a kashe a kai bai kai kuɗin abincin wannan taro ba.

Horo kuma sai da wanda za a horar. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin tura ungozomomi karkara, aka kawo mana baƙi daga nesa, da yawansu ba su daɗe ba suka koma, kuma ban ga laifinsu ba. Wadda za ta zauna a Safana ta kwana a ɗakin haihuwa, 'yar Safana ce. Don haka ina ba da shawara, a cikin tallafin karatun da ƙungiya ke bayarwa, a keɓe gurbi ko da biyu ne kowace shekara ga 'yan matan da suka gama sakandare da sakamako mai kyau a kimiyya, a tura su makarantar ungozoma ta Malumfashi, da sharaɗin su dawo gida su yi aiki.

Ku kuma yayyena da ƙannena maza, abin da nake nema a wurinku ba ya bukatar kwamiti. Da zarar cikin iyalinka ya shiga wata bakwai, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka cewa ka ba da izini, ko kana nan ko kana kasuwa ko ka tafi ci-rani, in naƙuda ta tashi a kai ta asibiti. Ka ajiye kuɗin mota a hannun wanda zai kasance a gida, ka karɓi lambar direba tun yanzu.

Mai girma shugaban taro, na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mini hannu. Wanda ke da tambayar da yake jin nauyin yi a bainar jama'a, zan zauna a ajin da ke kusa da ofishin shugaban makaranta bayan sallar Azahar.